Annoba a Jami'a: Wa Zai Fara Gani, Wa Zai Fara Motsi?

Muhadarar da aka gabatar a zaman safe na taron tunawa da kafuwar ƙungiya, gaban wakilan rassan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu a wannan wuri cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Malamaina, iyayen ƙungiya, shugabannin rassa, ƙannena maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, barka da hanya. Na san waɗansunku sun kwana cikin mota kafin su iso. Allah ya saka da alheri.

Da kwamitin shirya taro ya ba ni wannan maudu'i, wato horar da shugabannin jami'a da malamanta a kan yadda za su tari cututtuka masu yaɗuwa, wani ƙanena ya tare ni a bakin ƙofa ya ce: "Yaya, mu ina ruwanmu? Wannan ai maganar manya ce, mu ɗalibai ne." Na ce masa ya yi haƙuri ya zauna, amsarsa tana cikin muhadarar. To ga shi can ina hangen shi, mu gani ko zan fita kunyarsa.

Abin da na gani da idona

Ni ma na yi zaman ɗakin ɗalibai kamar ku. Takardar hukuma ta ce mu biyu ne a ɗakin, amma in dare ya yi mu biyar ne, wani lokaci shida, don ba ka iya korar ɗan garinku ya kwana a waje. A cikinmu akwai wani yaro mai ƙoƙari ƙwarai, shi ne ke tada mu sallar asuba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi makarantar ba.

Wata Alhamis cikin bazara, ya tashi da ciwon kai da zafin jiki. Muka ce palu ce. Wa bai san palu ba? Aka saya masa ƙwayoyi wurin mai talla, ya haɗiya, ya daure ya tafi darasi don ana gab da jarabawa. A cikin aji ya kifa kansa bisa tebur. Malamin ya gan shi, ya yi masa faɗa, ya ce in barci yake ji ya fita. Ya fita. Ran Juma'a bai je masallaci ba. Mun komo muka tarar ya lulluɓe kansa da bargo cikin wannan zafi, ya ce hasken taga yana sukar idonsa. Muka yi dariya. Da dare ya fara amai, ya fara magana wadda ba ta kan hanya. Wani ya ce iska ce, a yi masa tofi. Aka yi. Wajen ƙarfe biyu na dare na ɗaga kansa zan ba shi ruwa, sai na ji wuyan ya sandare kamar icce.

Daga nan muka shiga gudu. Ɗakin shan magani a rufe. Mai gadi ba shi da lambar kowa. Babu mota. Sai da muka tada wani maƙwabci mai ɗan babur, muka sa shi a tsakiya, aka kai shi likita ana kiran assalatu. Sanƙarau ne. Allah ya yi da sauran kwana, ya rayu. Amma kunnuwansa biyu sun tafi, karatun ma daga nan ya tsaya. Har yau in na je garinsu, a takarda muke gaisawa.

Na daɗe ina lissafa mutanen da suka ga yaron nan tsakanin safiyar Alhamis da daren Juma'a: mu ƴan ɗakinsu, mai tallar magani, malamin aji, delegen ajinsu, mai gadi. Babu mugu ko ɗaya a cikinmu. Babu kuma wanda aka taɓa zaunar da shi ko na rabin awa aka ce masa: in ka ga kaza da kaza, ga abin da za ka yi. Likita shi ne na ƙarshe da ya gan shi. Abin da nake son ku riƙe daga maganata ke nan: a makaranta, wanda ke fara ganin cuta malami ne, ko mai kula da ɗakuna, ko abokin kwana. Saboda haka su ya kamata a horar, kuma tun kafin lokacin cutar ya zo.

Me ya sa jami'a?

Shekarun baya, in ka cire Jami'ar Musulunci ta Sayi, jami'ar gwamnati guda ce a ƙasar nan, ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Dosso da Tilaberi. Alheri ne babba. Sai dai ɗalibai suna ƙaruwa da saurin da gini ba ya iya bi.

Ku dubi rayuwar ɗalibi ta yini guda. Ya tashi a ɗaki mai cunkoso. Ya bi layin makewayi da buta guda da mutum ashirin suka taɓa. Ya shiga anfi inda ɗaruruwa ke shaƙar numfashin juna, tagogi a rufe saboda ƙura. Ya bi layin resto. Da la'asar ya zauna a fada, kofin shayi guda yana zagayawa daga baki zuwa baki. Sannan mutanen nan daga kowane lungu na ƙasa suka zo, har da na ƙasashen maƙwabta, kuma in an ba da hutu kowa zai koma inda ya fito. Cutar da ta shigo jami'a ta samu taro, wadda ta fita daga jami'a kuma ta samu motar da za ta kai ta kowane gari.

Sanƙarau

Zan fi daɗewa a kan sanƙarau, don shi ne ba ya ba da lokaci. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da masana ke kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Lokacinsa sananne ne: daga shigowar hunturu wajen Disamba har faɗuwar ruwan farko wajen Yuni, ya fi tsanani cikin bazara.

Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaro da can cikin hanci. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana iya ɗauke da ita yana yawonsa lafiya lau, bai sani ba. Tana bin tari, atishawa da miyau. In iskar hunturu da ƙura sun busar da cikin hanci ya tsattsage, sai ta samu ƙofa. Kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Tsakanin kamuwa da bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10. Da zarar ya bayyana, yana iya kashe mutum cikin awa 24. In ba a yi magani ba, rabin waɗanda suka kamu suna iya rasuwa. Ko an yi maganin, wajen ɗaya cikin goma ba ya tashi, kuma cikin waɗanda suka tashi, wajen ɗaya cikin biyar yana fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko raunin tunani.

Alamominsa: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani wanda mutum zai ce bai taɓa jin irinsa ba, amai, ƙin haske, sandarewar wuya har mutum ya kasa kai haɓarsa ga ƙirji, ruɗewa ko barcin da ba a iya tada mutum daga gare shi. Ku lura, ba dole ba ne su taru duka, kuma wuya yana iya jinkirin sandarewa. A lokacin sanƙarau, zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai mai tsanani sun isa a kai mutum likita a wannan sa'ar. A can ne za a ɗebi ruwan gadon baya a auna, a fara allurar seftiriyakzon ba tare da jira ba. In ta tabbata palu ce, me aka rasa? Kuɗin kabu-kabu.

Waɗansunku za su ce an yi musu lamba tun suna yara. Gaskiya ne, daga ƙarshen 2010 an yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac, kuma ta karya lagon nau'in A, wanda shi ne ya daɗe yana yi mana ɓarna. Amma ƙwayar tana da dangi. A 2015 nau'in C ya taso mana. Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni na wannan shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 8,500 da ake zaton sun kamu a Nijar, 573 suka rasu. Yamai na cikin wuraren da abin ya fi tsanani, har cikin Afirilu aka rufe makarantun birnin na ƴan kwanaki. Allurar ta yi ƙaranci, mutane suka ruɗe, marasa tsoron Allah suka shigo da ta jabu, sai da hukumar ta fitar da gargaɗi a kanta. Yanzu an samu sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A, C, W, X da Y. Najeriya ta fara aiki da ita a 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar. Don haka duk wanda ya ce an yi masa lamba, a tambaye shi: wacce, kuma yaushe?

Zawo da amai, da tarin fuka

In sanƙarau na rani ne, kwalara ta damina ce. Ƴan Maraɗi ba su manta 2018 ba, lokacin da ta ɓulla a Madarunfa cikin Yuli, ta kama sama da mutum 3,000. A 2021 ta komo, ta bazu a jihohi da dama, ta kama sama da 5,000. Hanyarta guda ce: bayan gidan mai cutar ya kai ga ruwa ko abincin wani. Zawo kamar ruwan shinkafa, mutum ya tsiyaye cikin ƴan awoyi. Abin da ke kashewa ƙarewar ruwan jiki ne, shi ya sa taimakon farko yana hannun kowa: litar ruwa mai tsabta guda, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi yana kurɓa ana kan hanyar likita. A jami'a, kwalara maganar fanfo ce, da makewayi, da hannun mai dafa abinci. Ranar da aka ɗauke ruwa ɗalibai suka koma sayen na ƴan garuwa ba tare da an sa masa magani ba, ranar ce ya kamata hankalin shugaba ya tashi.

Tarin fuka shi kuma ba ya hayaniya. Ɗalibi zai yi wata uku yana tari cikin ɗaki mai mutum shida, yana rama, yana gumin dare, yana ɓoyewa don kunya. Duk tarin da ya wuce mako biyu, a je a auna majina. Maganinsa wata 6 ne, kyauta ne a ƙasar nan, kuma wanda ya riƙe shan maganin da gaske, ba a daɗewa yake daina harbin wasu. Wanda ya yanke magani a tsakiya shi ke jawo tarin da ba ya jin magani.

Horon shugabanni

To, me ake nufi da horar da shugabanni? Ba cewa ake shugaban jami'a ya koma likita ba. Ana son a zaunar da shi, da shugabannin tsangayoyi, da daraktan ofishin da ke kula da kwana da abincin ɗalibai, da ma'aikatan ɗakin shan magani, da wakilan ɗalibai, tare da jami'an lafiya na gunduma, a amsa waɗansu tambayoyi a rubuce.

Tambaya ta farko: in ɗalibi ya faɗi ƙarfe biyu na dare, wa za a kira? Lambar tana manne a ƙofar kowane gini? Mai gadi yana da ita? Akwai mota, akwai mai a cikinta, direban yana ina?

Ta biyu: wa ke sanar da hukumar lafiya, kuma cikin awa nawa? Sanƙarau da kwalara cututtuka ne da ake kai rahotonsu nan take. Akwai shugaban da zai ce a rufe maganar kada sunan makaranta ya ɓaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jami'an lafiya suna ƙidayar masu ciwo mako-mako, da wannan ƙidaya suke sanin ko an kai matakin annoba, da ita ake neman allura. A Yamai akwai cibiyar bincike ta CERMES inda ake tantance nau'in ƙwayar. Rahoton da aka riƙe kwana uku, allurar ce aka jinkirta kwana uku.

Ta uku: su wa ke kwana a kowane ɗaki? Ina nufin na gaskiya, ba na takarda ba. In an samu mai sanƙarau, likitoci za su nemi waɗanda suka kwana da shi, suka ci da shi, don a sa musu ido, a ba su maganin kariya in sun ga ya dace. A 2017 an gwada raba ƙwayar siprofuloksasin sau guda a ƙauyukan Madarunfa lokacin annoba, aka ga kamuwa ta ragu sosai inda aka bai wa gari duka. Amma wannan hukuncin likita ne, kada kowa ya je ya saya da kansa. In ɗalibai suna tsoron a kori baƙinsu, ba za su faɗi gaskiya ba. Dole shugaba ya yi alkawari a fili cewa sunan da aka bayar don lafiya ba za a hukunta kowa da shi ba.

Ta huɗu, ita ce mai nauyi: yaushe ake rufe makaranta? Mun ga rufewa a 2020. An sanar da mutum na farko mai korona a ƙasar nan ran 19 ga Maris, aka rufe makarantu da jami'o'i, ba a koma ba sai farkon Yuni. Rufewa tana da amfaninta, tana kuma da haɗarinta. In ka rufe ɗakunan kwana yau, gobe dubban matasa suna tasha, jibi suna ƙauyukan da babu likita kusa, waɗansu da cutar a maƙogwaro. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a dakatar da taruwa a anfi, a riƙe ɗalibai inda suke, a kawo musu allura ko a gyara ruwa. Irin wannan shawara ba a yanke ta cikin firgita, kuma shugaba ba ya yanke ta shi kaɗai.

Ta biyar: wa ke magana da yawun makaranta? In hukuma ta yi shiru awa shida, WhatsApp ya riga ya kashe mutum goma da ke raye.

In an rubuta amsoshin, sai a gwada. A zauna a ce: yau Asabar, dare ya raba, ɗaliba ta suma a ginin mata, bismilla, kowa ya nuna abin da zai yi. A buga lambar a ji ko tana shiga. A nan ake gane cewa makullin ɗakin keɓewa yana aljihun wanda ya tafi ƙauye. A yi wannan sau biyu a shekara, cikin Nuwamba kafin hunturu, da cikin Mayu kafin damina. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Horon malamai

Malaman da ke nan, ku gafarce ni, ɗalibinku ne ke magana. Malamin da ya kori abokina daga aji ba azzalumi ba ne. Ya ga rago ne a inda akwai majinyaci, don ba a taɓa nuna masa bambancin ba. Horon da malami ke bukata bai wuce na yini guda ba.

Ya san alamomin nan da na lissafa. In ya ga ɗalibi ya kife, ya tambaye shi lafiya kafin ya yi faɗa, in ya ga abin da bai gamsu ba ya haɗa shi da delege su tafi ɗakin shan magani a take. Ya lura da gurbi: in mutum huɗu ƴan gini guda sun ɓace daga aji a mako guda, wannan labari ne da ya kamata ya kai sama. Ya sa a buɗe tagogi ko da ana ƙura kaɗan. A lokacin cuta ya ba da minti biyu a farkon darasi ya tuna wa ɗalibai, don maganar malami tana da nauyin da takardar bango ba ta da shi.

Akwai kuma abin da ke hannun malamai su kaɗai, wato jarabawa. Abokina tsoron sifiri ne ya fitar da shi daga ɗaki ran Alhamis. Muddin ɗalibi ya san in ya kwanta ciwo shekararsa ta tafi, zai ja jiki ya zo ya zauna tsakanin mutum ɗari uku yana tari. A rubuta doka, a sanar da ita tun farkon shekara: wanda ya kawo takardar likita za a sake masa jarabawa. Sannan malami ya riƙe sirri. Ɗalibin da ya gaya maka yana shan maganin tarin fuka amana ya ba ka. In ajinsu ya ji daga bakinka, na gaba ba zai faɗa ba.

Rabonmu a ciki

Yanzu na komo kan ƙanena na bakin ƙofa. Ina ruwanku? Shugaban jami'a yana ofis, malami yana tafiya gida da yamma. Ƙarfe biyu na dare ku ne a wurin. Kuma ƙungiya irin tamu tana da abin da hukuma ba ta da shi: muna da mutum a kusan kowane gini, muna haɗuwa sau biyar a yini, ana jin maganarmu.

Ina roƙon kowane reshe ya yi abu huɗu kafin hunturu mai zuwa. Na ɗaya, ku rubuta wa hukumar jami'arku takarda cikin ladabi, ku nemi a shirya wannan horo, ku ce kuna son a sa wakilanku a ciki. Ku tafi da ƴan uwanmu masu karatun likita, don a Yamai, Maraɗi da Damagaram akwai tsangayar lafiya. Ku gayyaci sauran ƙungiyoyin ɗalibai, har da waɗanda ba Musulmi ba. Ƙwayar cuta ba ta tambayar addinin maƙogwaron da ta shiga.

Na biyu, a kowane gini ku sa mutum biyu da aka sani, masu lambar likita da ta mai mota, da ɗan asusu ko na jika biyar don kuɗin hanya. Ƴan uwa mata, wannan ya fi shafarku. Namiji ba ya shiga gininku da dare, kuma kunya tana sa ƴar uwa ta danne ciwo har ya ci ƙarfinta. Ku zaɓi naku, a horar da su daidai da maza.

Na uku, mu fara da masallacinmu. Sabuni a wurin alwala. Randar bakin ƙofa mai moɗa guda a sauya ta da mai fanfo, kowa ya zo da kofinsa. A wanke makewayi da ruwan jabel, a shanya tabarmi a rana. Lokacin buɗa-baki na taro, a wanke hannu da ruwa mai zuba, kada kowa ya tsoma a kwano guda. Mai zazzaɓi da tari ya yi sallarsa a ɗaki, malamanmu sun yi bayanin uzurinsa. A fada kuma, in lokacin sanƙarau ya zo, a ƙaro kofuna. Na san za a yi muku dariya. Mu ma mun yi dariya ran Juma'ar nan.

Na huɗu, ku tsare harshenku da yatsunku. Saƙon murya da ba ku san mai shi ba, kada ku tura. In an zo yin lamba, shugabannin reshe su fara miƙa hannu kowa yana gani. Kada a karɓi allura sai a wurin da hukumar lafiya ta amince. In kuma Allah ya karɓi ran wani ta hanyar kwalara, a bar wa jami'an lafiya su jagoranci wanka da suturarsa, don gawar tana iya harbin masu wankan.

Wani zai ce, ai komai ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani. Amma ku tuna abin da ya faru zamanin Halifa Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Ya nufi Sham, a wani wuri da ake kira Sarg labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke. Ya tara sahabbai ya yi shawara, ra'ayi ya rabu, ya yanke a juya. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna musu cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da abin da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ma'anarsa ita ce na waje kada ya shiga garin annoba, na ciki kada ya fita don gudu. Annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan hijira ta ɗauki manyan sahabbai irin su Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Da jagoranci ya komo hannun Amru ɗan Asi, ya umarci mutane su rarrabu cikin duwatsu, aka samu sauƙi. Ku dubi abin da shugabannin nan suka yi: sun nemi labari, sun yi shawara da masu sani, sun hana shiga da fita, sun rage cunkoso. Abin da muke roƙon shugabannin jami'o'inmu su koya ke nan, kuma babu wanda zai ce ya fi Umar tawakkali.

Iyayenku sun sayar da hatsi da dabbobi sun turo ku karatu. Uwar abokina ita ma akuyarta ta sayar ta yi masa kuɗin mota. Ran da muka mayar da shi gida, ba ta zarge mu ba, godiya ma ta yi mana. Wannan godiyar ce ta fi komai yi mini nauyi, ita ce kuma ta sa na karɓi gayyatarku.

Shugabannin rassa, in Allah ya kai mu taro mai zuwa, zan tambayi kowannenku: an kai takardar? An yi horon? Lambar tana manne a ƙofa? Ku shirya amsa.

Allah ya kare mu da makarantunmu daga annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da waɗanda suka kafa ta, ya mai da kowa gidansa lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, ina neman gafararku.